Ranar da Aka Yi wa Kwatamin Kawu Wanka

Da na dawo Gumel daga karatu, ban daɗe ba na gane cewa babu wanda ya san abin da na karanta, babu kuma mai sha'awar sani. Matan da suka zo yi wa Inna barka da dawowata sun tambaye ni ne don sauke nauyi kawai. Na ce musu bincike na yi a kan gurɓataccen ruwan da ke fitowa daga masana'antar kok. Wata gwaggona ta tafa hannu ta ce, "Au, ashe lemon kwalba kika je koyon haɗawa? To Allah ya sa albarka, ai ko a gidajen biki kin samu ciniki." Kafin a kira la'asar labari ya gama unguwa cewa 'yar gidan nan ta je ƙasar waje ta koyo lemo. Na ƙyale su a haka, don ba ni da ƙarfin bin gida-gida ina gyara.

Kok ɗin da nake nufi ba abin sha ba ne. Kwal ake zubawa a wata irin tanda, a rufe shi ruf, a gasa har ya zama gawayi mai tauri wanda ake narka ƙarfe da shi. Hayaƙin da ke tashi wajen gashin, da ruwa ake sanyaya shi, kuma ruwan nan yakan fito ja-ja baƙi-baƙi, yana warin kwalta, ɗauke da dafi iri-iri. Babban cikinsu shi ne wanda ake kira finol. In ruwan ya shiga kogi, kifi ba ya kwana. To akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda Allah ya hore wa cin wannan dafi kamar yadda akuya ke cin dusa. In ka tara su a tanki, ka riƙa hura musu iska, kana zuba musu ruwan kaɗan-kaɗan, sai su cinye dafin su bar maka ruwa. Wannan na karanta. Na yi watanni a wata ƙasa mai sanyi, a bayan wani kamfanin ƙarfe, ina ɗiban ruwa mai wari a kwalabe.

Amma daga Gumel zuwa Maigatari, ka zaga ta Sule Tankarkar ka ɓullo Gagarawa, babu tandar kok ko guda. Gero ne da riɗi da shanu. Sai na karɓi aikin koyarwa, na ajiye takarduna a akwati, na ci gaba da rayuwa.

Wanda ya fi kowa jin daɗin hakan shi ne kawuna, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Da dillancin shanu ya fara a karar Maigatari, daga nan ya sayi kamiyo, babbar motar kaya, yana shiga Damagaram yana fitowa, har Allah ya buɗa masa. Tunda ya samu, babu kalmar da yake so a duniya kamar "masana'anta". Ko wajen niƙa ya buɗe, masana'anta ce. Ranar da zan tafi karatu shi ne ya ce wa Inna a gabana, "Yanzu duk karatun duniya, na kwata kuka zaɓar mata?" Da na dawo kuwa, duk inda muka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce, "Dakta, yaya kwata?" 'Yan rakiyarsa su fashe da dariya, don aikin da suke ci da shi ke nan.

A wajen Gagarawa Tasha ya kafa sabuwar masana'antarsa, ta falwaya. Ana kawo masa dogayen itatuwan turare, a feƙe su, a tsoma cikin wani baƙin mai don kada gara ta ci, a shanya, a sayar wa masu jan wutar lantarki zuwa ƙauyuka. Man nan a duro ake kawo shi, kuma daga irin tandar kok ɗin nan ake tatso shi. Wato abin da na haye teku na je gani, Kawu ya kawo shi ƙofar gida bai sani ba. Ruwan wankin kwamin da ake tsoma itacen, da ruwan saman da ya wanke filin shanya, duk suna gangarawa wani kwatami da aka haƙa a bayan katanga. Da rani babu wanda ya damu. Da damina ta yi nisa kwatamin ya cika ya tumbatsa, ya bi gangare ya shiga kududdufin ƙauyen da ke bayansa, inda ake shayar da dabbobi, ake kuma kwaɓa ƙasar tubali.

Shanu suka ƙi shan ruwan. Awakin da suka sha bakinsu ya yi gyambo, wasu suka mutu. Masu kwaɓa ƙasa fatar ƙafarsu ta riƙa salewa. Dagacin ƙauyen, wani dattijo mai sanyin magana, ya je ya sami Kawu, Kawu ya ce masa ai kwalta magani ce, ko ƙazuwar raƙumi da ita ake shafawa. Da dagaci ya ga haka sai ya kai ƙara gaba. Wasu jami'ai suka zo da mota, suka leƙa kwatamin suna toshe hanci, suka ce in ba a gyara ba za su sa kwaɗo a ƙofa.

Rannan da hantsi ina shara a tsakar gidan Inna sai ga sallamar Kawu. Shi da kansa, babu 'yan rakiya. Aka shimfiɗa masa darduma, suka gaisa da Inna, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi kaji, ya tambayi maƙwabta har waɗanda suka rasu. Sannan ya juyo.

"'Yar nan, wannan karatu naki na ruwa, yana aiki a kan kowane ruwa?"

Na ce, "Na kwata dai, Kawu."

Inna ta harare ni. Shi kuwa ya yi kamar bai ji ba. Ya ce, "Nawa ne maganin? A faɗa mini sunansa in aika Kano a sayo, a zuba, a huta."

Na ce masa ba magani ba ne da ake zubawa. Halittu ne masu rai, kiwonsu ake yi. Sai an gina musu tankuna, a ba su iska dare da rana, a jira su hayayyafa.

"Har zuwa yaushe?"

"Sai yadda suka ga dama. Wata da watanni."

Ya ja carbinsa yana lissafi. Daga ƙarshe ya ce, "To ki je ki yi kiwon. Ai gida bai ƙoshi ba..." Sai ya katse maganar, ya miƙe, ya ce manajansa zai ba ni duk abin da nake buƙata.

Manajan nan mijin babbar 'yar Kawu ne, kuma wannan ita ce takardar shaidarsa mafi ƙarfi. Kullum cikin kwat yake, ko da kuwa zafin bazara na narka kwalta a titi. Baƙin tabarau, turare kamar an ɓarar da kwalba, waya biyu a hannu. Tunda aka buɗe wurin ban ji ya taɓa zagayawa bayan katanga ba. Ranar da na fara zuwa ya tarbe ni da turanci, na amsa masa da Hausa, ya ci gaba da turanci, na ci gaba da Hausa, har ya gaji ya sauko.

Na sa aka gina tankuna na siminti a jere. Na farko don mai ya taso sama a yaɗe shi. Na tsakiya, babba, nan ne gidan halittun, aka shimfiɗa bututu mai huji-huji a ƙasansa, inji na hura iska. Na gaba don laka ta kwanta. A ƙarshe kuma wani faffaɗan rami mara zurfi, na sa aka dasa kacala a ciki, ciyawar nan da manoman fadama suke tsinewa. Ruwa zai ratsa saiwoyinta kafin ya fita.

Sai maganar iri. Manaja ya ɗauka daga ƙasar waje za a yi odarsu, har ya fara tambaya ko za a buƙaci wani ya je ya rako su. Na ce masa suna nan a bayan katanga. Na sa takalmin roba, na ɗauki shebur da bokiti, na gangara bakin kwatamin na kwaso baƙin taɓon da ke gefensa. Duk inda dafi ya daɗe yana kwanciya, akwai halittun da suka riga suka koyi cinsa, ba su jira kowa ya yi digiri ba. Na haɗa da ɗanyen kashin shanu da aka kwaso mini daga kara ran Alhamis, na barbaɗa ɗan takin zamani, na juye a tankin tsakiya.

Manaja yana tsaye daga nesa da hankici a hanci. Ya ce, "Malama, yanzu fisabilillahi abin da aka je Turai aka koyo ke nan? Kwasar kashin shanu?"

Na ce, "Wannan shi ne darasin farko. Matso in nuna maka na biyu." Bai matso ba.

Na riƙa zuwa duk lokacin da na samu sarari daga makaranta. In hau mota a tashar Gumel, in sauka a bakin titi, in taka. Da farko babu abin gani sai kumfa da wari. Kawu yakan bugo waya ya ce, "Dakta, dabbobin naki sun haihu kuwa?" In ce suna hanya. Wata rana na zo na tarar tankin ya yi tsit, babu kumfa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ashe da zarar na juya baya manaja yakan sa a cire wayar injin iska daga janareta a haɗa na'urar sanyaya ofishinsa. Na same shi a ciki ya miƙe ƙafa a kan tebur, ɗakin kamar firji.

"Ka san ka shaƙe su?"

"Haba Malama, abin da ba a gani ma har numfashi yake?"

Na wuce Maigatari na sami Kawu a rumfarsa, na ce ko a sa wa injin sola tasa shi kaɗai, ko in koma ajina. Jami'an nan ba su daɗe da sake leƙowa ba, don haka aka sa sola.

Bayan wannan abin ya kama hanya. Taɓon ya sauya daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, ya riƙa dunƙulewa 'yan curi-curi kamar dambu, yana juyawa cikin kumfa. In na ɗebo a kwalba na ajiye, sai lakar ta kwanta ƙasa, ruwan sama ya tsaya garau, launinsa kamar shayin da bai ji ganye ba. Warin kwalta ya tafi, ya koma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na kai ruwan Kano aka auna, aka tabbatar dafin ya ragu ƙwarai. Amma abin da ya fi faranta mini rai ba awon ba ne. Wata safiya na durƙusa a bakin ramin kacala sai na ga 'ya'yan kwaɗi suna wutsil-wutsil a tsakanin saiwoyi. Babu wanda ya kawo su. Na daɗe a durƙushe ina kallonsu, zanena na jan taɓo, ban damu ba.

Dagaci ma ya zo ya gani. Ya tsuguna, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya sunsuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na sha ba ne. Amma in ya shiga kududdufi ba zai cuci dabba ba." Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya ishe ni.

Kuskuren da aka yi shi ne gaya wa Kawu cewa abu ya yi kyau. Nan take ya ce sai an yi bikin buɗewa. Za a gayyato wani babba daga Dutse, da wakilin hakimi, da 'yan jarida. Na ce masa tanki ne fa na laka, ba asibiti ba. Ya ce ni yarinya ce, ban san yadda ake tafiyar da masana'anta ba. Lokacin ya zo daidai da jarrabawa a makarantarmu, don haka kwanakin da suka rage kafin bikin ban samu zuwa ba. Na dai bar saƙo ɗaya: kada a taɓa komai.

Ranar bikin tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mini an taɓa komai. Warin bilic ne ya tarbe ni, irin wanda ake wanke makewayin asibiti da shi. An kafa rumfuna, an jera fararen kujeru, makaɗa na gwada kalangu. Na ratsa ta cikinsu na zaga baya da sauri.

An yi wa tankunan fenti shuɗi, ciki da waje. Ruwan da ke ciki fari tas, ana hango ƙasa. Babu laka, babu kumfa, an kashe injin iska wai ƙararsa za ta hana a ji jawabi. Kacalata an sare ta ƙarƙaf, an share ramin, an jera fararen duwatsu a gefensa. A cikin tankin tsakiya kuwa, gidan da na yi wata da watanni ina reno, tarwaɗa ce manya-manya suke iyo.

Manaja ya taho yana murmushi, yau har da jan laƙataye a wuya. "Malama, kin ga aiki ko? Jiya muka yini a kai."

Na ce, "Ina lakar?"

"Wannan ƙazantar? Haba. Ya za a yi manyan mutane su zo su tarar da taɓo? Mun sa inji ya zuƙe ta, mun wanke ko'ina da bilic, muka kawo tankar ruwan burtsatse. Da safen nan ma na sa aka ƙara bilic ɗin don warin ya mutu gaba ɗaya. Kifin kuma shawarata ce. Kin san mutane sai sun gani da ido."

"Ina kuka zubar da ita?"

Ya nuna bayan katanga da wayarsa. Wajen gangaren kududdufi.

Na dube shi tun daga tabarau har takalmi. Mutumin nan ya kashe abin da bai taɓa yarda yana da rai ba, kuma yana tsaye yana jiran a yaba masa. Na ce, "Ka zuba bilic, sannan ka zuba kifi?"

Ya ce, "Eh mana. Ai tsabta suke so su ma."

Aka nuna mini kujerata, can baya cikin matan gidan Kawu, kusa da kulolin abinci. A takardar tsarin biki babu sunana. Akwai na manaja, an rubuta masa "jagoran aiki". Babban baƙo ya iso a makare da jerin motoci, aka yi addu'a, maroƙi ya wasa Kawu tun daga kakansa. Sannan Kawu ya tashi. Ya ce tun yana yaro yake da kishin muhalli. Ya ce shi ne mutum na farko da ya kawo wannan fasaha arewacin jihar nan, kuma ya yi ta ne ba don kowa ya tilasta masa ba. Jami'an da suka yi barazanar sa kwaɗo suna zaune a sahun gaba, suka tafa.

Daga nan aka ɗunguma zuwa bakin tanki. Na taso na tsaya a gefe. Manaja ya ɗebo ruwa a kofin gilashi ya ɗaga sama, masu ɗaukar hoto suka yi caa. Ya miƙa wa babban baƙo. Shi kuwa ya kai kofin kusa da baki, warin ya doki hancinsa, sai ya taɓa leɓe da gefen kofin ya ce, "Ma sha Allah," ya miƙa wa na bayansa.

A lokacin ne tarwaɗa ta farko ta juya ciki sama.

Da ma tun ɗazu suna ta tasowa suna haƙi a saman ruwa, manaja na cewa gaisuwa suke yi. Yanzu kuwa ɗaya ta kife, farin cikinta na sheƙi a rana. Sai ta biyu. Babban baƙo yana tsakiyar bayani a kan muhimmancin haɗin gwiwa, ya ga mutane sun bar kallonsa suna kallon bayansa. Ya waiga. Wajen rabin kifin sun taso suna lilo a kan shuɗin ruwa.

Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, hutawa suke. Haka suke yi in rana ta take."

Wani daga cikin mutanen ƙauyen ya ce, "Wannan hutun ba a tashi daga shi." Dariya ta ɓarke a baya. Maroƙi bai san me ake ciki ba, ya ɗauka Kawu ake yi wa murna, ya ƙara ɗaga murya.

Babban baƙo ya ce, "Wai wane ne masanin da ya tsara wannan aiki?"

Jagoran aiki ya duƙufa kan wayarsa. Kawu kuwa ya waiwaya, idonsa ya zaga har ya faɗo kaina, fuskarsa ta washe kamar ya tsinci abin da ya ɓata. "Ga ta can, ranka ya daɗe. Dakta ce, 'yar ƙanwata. Duk ita ta yi komai. Matso mana, 'yar nan, ki yi wa manya bayanin abin da ƙwayoyinki suka yi wa kifi."

Tunda aka fara taron sai yanzu na zama wadda ta yi komai. Na matso. Na gaida babban baƙo yadda ya kamata, na gaida wakilin hakimi. Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa halittun ba sa nan. An kwashe su jiya. Wannan ruwan burtsatse ne da bilic, shi ya kashe kifin. Ruwan masana'anta ko ɗigo babu a tankin nan yau."

Makaɗa suka sauke kalangu. Dagaci ne ya fara magana, a hankali kamar kullum. "'Yata, da aka kwashe, ina aka kai?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai a tambayi jagoran aiki."

Dagaci bai tambayi kowa ba. Ya dubi katanga, ya dubi Kawu, ya gyara rawaninsa, ya juya ya tafi. Mutanensa suka bi shi, suka bar abincinsu a kula.

Na ɗauka shi ke nan, biki ya watse. Ashe ban san manya ba. Babban baƙo ya yi 'yar dariya ya ce ai kowane sabon abu yana zuwa da ƙalubale. Aka miƙo almakashi, ya yanke ƙyalle, aka tafa. Masu hoto suka gyara tsayuwa yadda tankin ba zai fito ba. Lebura biyu suna bayan manya da bokiti suna tsame gawar kifi. Da yamma ina cikin motar komawa Gumel na ji a rediyon direba cewa an buɗe katafaren wurin tace ruwa irinsa na farko, kuma babban baƙo ya sha ruwan da kansa. Wani fasinja ya ce, "Kai, ƙasar nan ana ci gaba." Na ce masa ƙwarai kuwa.

Washegari Kawu ya zo wurin Inna, wannan karon da 'yan rakiya. Bai nemi ganina ba, amma ya ɗaga murya yadda zan ji daga ɗaki. Na tozarta shi a gaban manya. Na ci amanar zumunci. Abin da boko ke yi wa 'ya mace ke nan. Inna ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Yaya, kai ka kira ta ka ce ta yi bayani. Da ƙarya kake so ta yi?" Ya ce ba ƙarya ba, hikima. Inna ta ce ita dai ba ta san wannan hikimar ba, ba ta kuma koya wa 'yarta ba. Ya buga babbar riga ya fita. Ban taɓa jin Inna ta mayar masa da magana ba sai ran nan.

Da damina ta sake kusatowa ya aiko a tambaye ni ko zan sake kiwon. Na ce zan yi, ba don shi ba, don mutanen ƙauyen, amma da sharaɗin manaja ba zai ƙara zagayawa bayan katanga ba. Ya ce ba zai wulaƙanta surukinsa saboda taɓo ba. Maganar ta mutu a nan. Tankunan suka zauna da shuɗin fentinsu, ƙadangaru na shan rana a kai. Mutanen ƙauyen suka yi gayya suka tare gangaren da buhunan ƙasa, suka kewaye gefen kududdufin da ƙaya, suka riƙa kai dabbobinsu wata rijiya mai nisa. Ba jami'ai ne suka rufe wurin ba daga ƙarshe. Masu kwangila ne suka koma sayen falwayar siminti, ciniki ya mutu, Kawu ya sayar da durorinsa ya kulle ƙofa. Kwatamin kuwa mutanen ƙauyen ne suka cike shi da burji, da hannunsu da amalankensu.

Wata ƙungiya ta ba Kawu allon yabo na gwarzon muhalli. Yana rataye a falonsa, sama da talabijin.

Yanzu ruwan leda yake yi, a hanyar Maigatari. Masana'anta ce ita ma. Kwanakin baya manaja ya zo gidanmu da ƙullin ruwan a but ɗin mota, ya sauke a zaure, ya gaida Inna har ƙasa. Ya ce Alhaji, wato Kawu, ya ce komai ya wuce, jini ɗaya ne. Abin da ake so ɗan ƙarami ne: a rubuta a jikin ledar cewa wata dakta masaniyar ruwa ta duba ta amince.

Na ce, "To sai in zo in duba."

Ya ce, "A'a, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ai an riga an buga ledar."

Na ce ya gaida Kawu, ya kuma gaya masa in na ga leda ɗaya da wannan rubutu a tasha, zan je rediyon nan da kaina. Ya tafi yana gunaguni da turanci. Ya bar ruwan a zaure.

Inna ta fito ta tsaya a kan ƙullin tana kallo. Ta ɗauki leda guda ta ɗaga ta a hasken rana, ta juya ta, ta mayar. Ta ce, "Na sha ne, ko na wanke-wanke?"

Na ce ban sani ba, sai na kai an auna.

Ta ce, "To kafin nan a kai bayan ɗaki. Kada wani baƙo ya zo ya ɗauka."